Fuskar Zauren Alhaji Ɗanmaraya

Litinin, 4 ga Maris, 1957

Alhaji Ɗanmaraya mai sayen gyaɗa ya ba ni zanen fuskar sabon zaurensa. Shafen siminti ne, irinsa na farko a unguwarmu nan Bebeji. Yana son dagi babba a kan ƙofa, jirgin sama a dama, agogo a hagu, da fentin gwangwani da ya sayo a Kano: ja, shuɗi da ruwan ɗorawa. A gama kafin a ga watan azumi. Na ce in Allah ya yarda. Duk tsawon maganar, hannuna na dama yana cikin riga.

Wata huɗu ke nan da faɗowata daga tsani a Kiru. Kafaɗar ta warke, rawar hannun ce ta ƙi tafiya. Ga rubutun nan ma. Da malaminmu na yaƙi da jahilci zai gani, cewa zai yi ba shi ya koya mini ba.

Laraba, 6 ga Maris

Na shafe bangon da ja. Wannan ba wuya, daga kafaɗa ake ja, hannun bai nuna komai ba. Sai an zo layi siriri yake tona asiri.

Na kafa zana ta kewaye gaban zauren. Na ce wa mutane don kada awaki su goga jiki ne.

Asabar, 9 ga Maris

Ruwan ɗorawa a kan jan. Alhaji ya tafi Kano, sai bayan mako biyu.

Baba ya tambaya ko na fara dagin. Shekara shida ke nan idonsa ya rufe, amma har yau shi ne maginin gidanmu, ni ɗan aike. Ya ce, “Layi ɗaya ne, Shitu, ba a ɗaga hannu sai ya koma inda ya taso.” Na ce na sani, Baba. Bai san da hannun ba. Matata Hajara kaɗai ta sani, ita ma don ita ke wanke rigar da nake zubar wa koko.

Talata, 12 ga Maris

Na gwada dagin a gefen dama, kafin in hau saman ƙofa. Sau uku. Abin da ya fito ya fi kama da hanjin kaza.

Alhamis, 14 ga Maris

Ubale ɗan baffana ya zo ya zauna a gindin darbejiya daura da zauren tun hantsi. Shi ya so aikin nan, kowa ya sani. “Yaya, wane irin zane ne haka ake wa lulluɓi kamar amarya?” Na yi dariya. In ya leƙa ya gani, kafin la'asar maganar ta kai Dangora. Wa zai sake kiran magini mai rawar hannu? Sunan Baba, da na kakana…

Na je wurin mai magani a Tudun Wada sau biyu. Tsaga da hayaƙi. Babu.

Asabar, 16 ga Maris

Yau haushi ya kama ni. Na ɓata dagin karo na biyar, na ɗebi shuɗi na lafta a kai gaba ɗaya don kada in ƙara ganinsa. Sai tsoro ya zo, fentin zai ƙare. Na tsinci wata sakaina a ƙasa na kankaro shi da ƙarfi tun bai bushe ba, daga sama har ƙasa.

Sai na tsaya.

Inda na danna sosai, ja ya leƙo. Inda na sassauta, ɗorawa. Shuɗin ya taru a gefe ya yi kunya-kunya kamar gona. Inda hannun ya yi rawa kuwa, layin ya karkarwa ya yi wani abu kamar ruwan rafi in iska ta taɓa shi. Ban san sunansa ba. Ba dagi ba ne, ba komai ba ne. Na daɗe ina kallo har fentin ya bushe a yatsuna.

Lahadi, 17 ga Maris

Na gaya wa Hajara. Ta ɗauko tsohuwar mara ta kwasar tuwo ta yi mata haƙora da wuƙa kamar matsefi. “Gwada da wannan, maigida.” Sannan ta ce, “Amma fa ba shi Alhaji ya ce ba.” Kamar ban sani ba!

Laraba, 20 ga Maris

Abin da na gane zuwa yau: kada shuɗin ya wuce shan fura guda a bango, in ya fara kamewa yagewa yake. Sakaina mai faɗi ta fara wucewa, mai haƙora ta biyo. Jan hannu ɗaya, ba a komawa. In an koma launukan su haɗe su zama laka. Da sassafe ya fi, kafin rana ta gasa simintin.

Gefen dama ya ƙare. Babu jirgi. Allah ya rufa asiri.

Juma'a, 22 ga Maris

Hagu ma. Saman ƙofa na bar shi ɗorawa zalla, na kasa taɓawa. Ba na cin abinci.

Litinin, 25 ga Maris

Alhaji ya dawo, ya sa aka yaye zanar bayan azahar. Mutane sun fi talatin. Baba ma ya sa aka jawo shi.

Wani ya ce kamar kaji sun yi tono. Aka yi dariya. Alhaji ya zagaya dama, ya zagaya hagu.

“Shitu, ina jirgina? Ina agogo?”

Na ce, ranka ya daɗe, wani sabon salo ne.

“To ga saman ƙofa fili. Ɗauki buroshi ka yi mini dagin yanzu, ina tsaye.”

Ubale ne ya miƙo buroshin, har da russunawa. Na fito da hannun daga riga. Na karɓa. Fenti ya riƙa ɗiga a ƙafata tun ban kai tsani ba. Kowa ya gani. Dariyar ta mutu.

Na ce, “Ba zan iya ba, Alhaji. Tun faɗuwar Kiru.”

Ban ɗaga kai ba. Sai na ji Baba yana cewa a kai shi jikin bangon. Ya bi shi da tafin hannu a hankali, daga ƙugu har iya inda ya kai, ya dawo, ya sake. Ya ce, “Nan ya danna. Nan ya saki. Wannan ba ɓarna ba ce, Alhaji, mai yin ya san abin da yake yi.” Ya juyo wajena, ko da yake ba daidai inda nake ba. “Kai kuma wata nawa ina jin kwano yana kaɗawa a hannunka, ina jira ka faɗa da bakinka.”

Alhaji ya ce zai yi shawara.

Alhamis, 28 ga Maris

Alhaji ya ce Ubale ya yi dagin saman ƙofa. Gefe biyun a bar su, wai lokaci ya ƙure, bayan salla a gani. Ni na riƙe wa Ubale tsani. Layinsa ya fita tsaf, ban hana shi ba. Da ya sauko ya kasa haɗa ido da ni.

Laraba, 3 ga Afrilu

Azumi. Ban fita ba sai masallaci.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Zafi. Hajara ta ce direbobin gyaɗa suna tsayawa kallon bangon, wai ma Alhaji yana gaya musu daga Makka ya gano salon.

Da hantsi wani dattijo ya yi sallama, daga Burumburum, ya gina soro. Ya ce an ce masa ya nemi magini mai rawar hannu, ko ni ne? Hajara na bayan ƙyaure, na ji ta daina daka.

Na ce ni ne. Na miƙa masa hannun muka gaisa.

Ban ce zan je ba. Na dai tambaye shi bangon gabas yake kallo ko yamma.