Jelar Giwa

Litinin, 3 ga Maris

Yau mai sayen tsoffin ƙarafa ya shigo situdiyo. Ya tsaya gaban Giwa yana ƙwanƙwasa gefenta da makulli kamar mai taya tsohuwar mota. Giwa fa! Teburin haɗa sautin da na tsufa a gabansa. Na ce masa ya ɗauke hannunsa ko in ɗauke masa. Auta ce ta kira shi. 'Yar da na haifa. Tun da na bar mata ragamar wurin nan take ganin komai nawa tarkace ne. Wai Giwa ta cinye rabin ɗaki, tana shan wuta, tana sa zafi, kuma kwamfuta tana yin duk abin da take yi. Na ce ƙarya ne. Ta ce, "Baba, ƙarshen wata za a fitar da ita." Ban ci abincin rana ba. Uwarta ta ce cikina ne, ba na Giwa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Allah mai iko! Zabiya za ta zo ta ɗauki sabuwar waƙa a wurinmu. Ni na ɗauki muryarta ta farko tun tana yarinya mai jin kunyar makirufo. Ko sunana ba su sa a bayan kaset ɗin ba, ban manta ba, amma wannan maganar wata rana ce. Na tare Auta a bakin ƙofa. Na ce waƙa ɗaya, haɗi biyu. Ke ki haɗa a kwamfutarki, ni in haɗa a Giwa, Zabiya ta saurara ta zaɓa. In ta ɗauki naki, da kaina zan riƙe wa mai ƙarafa ƙofa. In ta ɗauki nawa, Giwa ta zauna. Ta yi dariya ta ce ta yarda. Dariyar uwarta sak, mai ban haushi.

Asabar, 8 ga Maris

Wuni na yi ina goge Giwa. Na hure ƙurar maɓallai ɗaya bayan ɗaya, na lallaɓa layi na bakwai da yake ƙarar ƙas-ƙas. Da na kunna ta fitilunta suka kawo, alluran auna sauti suka motsa. Ƙamshin nan na ƙarfe mai ɗumi! Ita ba a kunna ta a hau aiki, sai an bar ta ta yi zafi tukuna. Yaran yanzu ina suka ga wannan haƙurin.

Na ce wa Auta, sautin kwamfutarki kamar ɗakin asibiti ne. Fes, fari tas, amma ba mai son ya kwana a ciki. Ganga tana nan, murya tana can, kowa a kan gadonsa. A Giwa kuwa suna haɗuwa su rungumi juna. Ka tura ganga har allura ta leƙa ja, sai ta yi kauri, ta yi nama. Ka gwada haka a kwamfuta ta fashe maka a kunne kamar an yaga zani. Ta ce, "Ita kuma Giwa tana huci, Baba. Shiiii, tun daga farkon waƙa har ƙarshe." Na ce mai rai ne yake numfashi.

Ita Auta ta je makarantar sauti ta dawo da takarda. Ni ubangidana da rankwashi ya koya mini. Kowa da malaminsa.

Talata, 11 ga Maris

An ɗauki waƙa. Zabiya ta tsufa amma muryar tana nan, ta ƙara zurfi ma. Da ta gan ni ta ce, "Injiniya, kai ba ka mutu ba?" Na ce ina jiran ki sa sunana a bayan kaset. Ta yi dariya har da tari. Ta zo da masu ganga biyu, mai garaya, 'yan amshi, da mai sarewa, wani dogo marar magana.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai. Na zagaya bayan Giwa na tarar Auta ta tsugunna tana cusa mata wayoyi, kowane layi da tasa waya, duk sun taru sun nufi kwamfutarta. Dami guda kamar jela. Na ce mene ne wannan? Ta ce tana son duk abin da ya fito daga kowane layi ya shiga wurinta ya zauna daban, saboda tsaro. Tsaron me? Leƙen asiri dai. Na bar ta don kar a ce tsoho ya cika faɗa.

Alhamis, 13 ga Maris

YAU NE!

Na haɗa. Yatsu goma a kan maɓallai, ido a rufe. A gwaji na farko na makara wajen ɗaga 'yan amshi. Na biyu garaya ta danne murya. Na uku kuwa, wayyo Allah. Ban san ya aka yi ba. Hannuwa suka tafi da kansu, na ja ganga ƙasa daidai inda Zabiya ta ja numfashi, na sake ta daidai inda ta saki murya. Gashin jikina ya tashi. Na waiga na ga Auta ta daina taɓa wayarta, baki buɗe. Na gani. Na gani!

Da na gama na yi abin da nake yi kullum: na mayar da kowane maɓalli sifili, na ɓare farar takardar da na manna na rubuta sunayen layuka, na rufe Giwa da mayafinta. Injiniyan kirki ba ya barin tebur a hargitse. Ubangidana ya taɓa korar mutum a kan wannan.

Juma'a, 14 ga Maris

Ta zaɓi NAWA!

Auta ta sa wa Zabiya biyun ba tare da ta faɗi wanne ne na wa ba. Na Auta ya fara. In faɗi gaskiya a nan, tunda ba mai gani: yana da kyau. Kowace kalma tana fita sarai, har motsin yatsan mai garaya kana ji. Sai aka sa nawa. Zabiya ta dafe ƙirji ta ce, "Wannan. Wancan hotona ne, wannan ni ce." Na miƙe na taka rawa a tsakiyar situdiyo, gwiwa ko ba gwiwa.

Tana ɗaukar jakarta sai ta ce, "Abu ɗaya, Injiniya. Sarewar nan ta baiti na ƙarshe ta nutse. Ɗaga mini ita kaɗan. Kar ka taɓa komai, ita kaɗai." Wai don mahaifinta ta sa sarewar, shi ma mai busa ne. In ba a ji ta ba, gara ta ɗauki na kwamfuta, a can tana fita.

Na ce ƙaramin abu ne.

Asabar, 15 ga Maris

Ba ƙaramin abu ba ne.

Na ɗaga mayafi, maɓallai duk suna sifili suna kallona. Da hannuna na share. Na sake jerawa daga abin da na tuna. Sarewa ta fito, ganga ta mutu. Na tayar da ganga, murya ta koma baya. Layi na bakwai ya dawo da ƙas-ƙas ɗinsa, ɗan banza. Na yi ta yi har kafaɗuna suka riƙe. Duk suna da kyau, ba ko ɗaya da yake na ranar Alhamis.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban je situdiyo ba. Uwar Auta ta ce tun safe nake murɗa murfin kwalba ina magana ni kaɗai.

Litinin, 17 ga Maris

Na sake gwadawa. Babu. Mai ƙarafa ya wuce ta ƙofar situdiyo ya ɗaga mini hannu, har da murmushi. Allah ya isa.

Da la'asar Auta ta kawo mini shayi ta ce, "Baba, zo ka zauna nan." Kujerarta. Ban taɓa zama a kanta ba. Na zauna a gefe-gefe. Ta nuna mini gilashin kwamfuta, layuka jere masu launi. Ta ce wannan ranar Alhamis ce, haɗi na uku. Jelar nan da na yi ta masifa a kanta, ashe duk abin da yatsuna suka yi ya bi ta ciki ya zauna, kowane layi daban. Ta danna. Gangata. Numfashin Zabiya. Har hucin Giwa, shiiii, yana nan abinsa.

Ta kama hannuna ta ɗora a kan ɗan abin nan da take ja a tebur. Ta ce, "Ga sarewarka. Kai za ka ɗaga, ni ban san iya inda kake so ba." Na ja. Ta yi yawa. Na ce shi ke nan na ɓata. Ta danna wani abu, ya koma yadda yake. Haka kawai! Na sake ja a hankali, kaɗan, kaɗan. Sarewa ta taso ta tsaya a kafaɗar murya, sauran ko gezau.

Na ce akwai ɗan bambanci da na Giwa tsantsa. Ta ce a ina? Na ce kunnenki bai kai ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Zabiya ta saurara. Da sarewa ta shigo ta juya mana baya, ta daɗe tana gyara ɗankwali. Ta karɓa. Ta ce wannan karon za a rubuta sunana, ta tambayi na wa za a sa a wurin haɗa sauti. Na ce a sa biyu, tunda akwai fili.

Giwa tana nan. Auta ta ce, "Ai naka aka zaɓa, Baba." Ban ja maganar ba.

Mai share-share ta so ta cire jelar don ta goge bayan tebur, na daka mata tsawa. Ba don komai ba, kar a bar wayoyi a ƙasa mutum ya yi tuntuɓe.

Gobe masu ganga za su dawo. Na ce wa Auta ta zo da wuri ta kunna abin nata ya yi zafi. Ta ce shi ba ya bukata. Na ce ta dai zo da wuri.