Lemo Mai Aure

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, da fatan harshen ya fara sakewa, ƙafar ma tana ɗaukarka. Iyali duk suna gaishe ka. Na kira ka ya fi sau goma ba ka ɗauka ba, sai 'yarka ta ce mini tun da ciwon nan ya taɓa maka baki ka daina waya, sai takarda. To, ga takarda.

Kaka ta yi, Yaya, kuma lambun nan ya yi abin mamaki. Kabewar da ka shuka kafin ka kwanta ta haye katanga ta sauka ta baya, mun tsinki goma sha ɗaya. Kuɓewa har ta gundure mu, ana ta yankawa ana shanyawa. Ga kwando nan na ba direba: kabewa biyu, gwaiba, barkono, da lemo. Lemon bana kamar an ɗura masa zuma.

Sai dai bishiyar tana ba ni tsoro. Wasu rassa sun fito daga gindinta, ƙasa da wani kumburi da ke jikinta, miƙaƙƙu masu ƙaya, ganyensu kore shar, har sun wuce rufin kicin. Tsofaffin rassan kuwa, waɗanda muka tsinki lemon a jikinsu, ganyensu ya fara rawaya. Maƙwabci ya ce sai an rage ɗaya. Na ce ba zan sa zarto ba sai na ji daga wanda ya yi karatun abin. Wanne zan sare?

Maganar katanga kuma a bar ta, ta wuce.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, kwandon ma ya iso. Na gode da ka tuna da ni da kabewa biyu daga cikin goma sha ɗayan da na shuka. Ban ga tumatir ba. Ina jin ya mutu lokacin da maginanka suke kwaɓa siminti a kansa.

Ka ce maganar katanga ta wuce. A wurinka ta wuce, tunda kai ne a cikinta. Kwana arba'in na yi a gadon asibiti. Na fito na tarar an tsaga gidan mahaifinmu da bulo, lambun da na yi shekara talatin ina haƙa ya faɗa ɓangarenka, ni an bar mini ɗaki biyu da banɗaki. Ka gaya wa mutane wai don kada awaki su shiga ne. A iya sanina, akuya ba ta taɓa shiga lambun nan ba sai bayan an yi katangar. Shi ya sa na kama ɗaki a nan, inda tagata take kallon shagon mai faci. Ya fi mini sauƙin kallo.

Amma tambaya ka yi, kuma ban taɓa korar mai tambaya ba ko a lokacin da nake ofis. Maƙwabcinka ya yi gaskiya, gindi ɗaya ba zai ciyar da su duka ba. Ka bar mai ƙarfi, ka sare mai rauni. Aiki ne da ka iya, ba sai na koya maka ba. Ka yanke daga daidai kumburin, kada ka bar ko tsinke a samansa, sannan ka shafa toka a wurin.

A gaida iyali.

Yayanka

*

Uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yaran. Jiki da sauƙi. Hannun dama yana rubutu, na hagu yana kallo.

Baffanki ya aiko mini da sadaka daga lambuna. Na zauna bakin taga na ɓare lemo uku da hannu ɗaya, ruwan yana gangarowa har gwiwar hannuna, na shanye. Sauran na ba mai faci. Kabewar tana ƙarƙashin gado, ban san abin da zan yi da ita ba, ko wuƙar da za ta fasa ta ba ni da ita.

Zan gaya miki wani abu, don ina so a samu mutum ɗaya da ya san da gangan na yi.

Bishiyar nan mai aure ce. Kina ƙarama lokacin, ba za ki tuna ba. Gindinta lemon daji ne, mai kaushin bawo, wanda ko tsuntsu ya tsaga sai ya goge baki. An zaɓe shi ne don saiwarsa tana jure fari. Zaƙin duk daga sama yake, daga wani ɗan reshe da mahaifiyarki ta yanko a gidan kakanki, na tsaga bawon gindin na saka shi na ɗaure. Kumburin da baffanki yake gani shi ne wurin auren. Duk abin da ya tsiro ƙasa da shi na dajin ne, kuma kowace damina nakan bi da wuƙa in cire tun yana kamar yatsa. Bana ina kwance, babu wanda ya cire, sai suka yi ƙarfi suna shanye abincin na sama.

Ya tambaye ni wanne zai sare. Na ce ya sare na sama.

Ba zai gane ba yanzu. Bishiyar za ta yi kyau fiye da yadda ta taɓa yi. Zai ba ta ruwa, ya zuba mata taki, ya kira baƙi su gani. Shekara biyu ko uku zai yi yana jira, sannan wata kaka ta zo ya tsinko na farko ya kai baki. Ina roƙon Allah ya bar ni da rai zuwa ranar. Ba sai na gani ba, a ba ni labari ya isa.

Shekara talatin da biyar na yi ina koya wa manoma yadda ake raya bishiya, aka sallame ni da takardar yabo da agogon bango. Ban san akwai ranar da karatun zai yi mini amfani irin wannan ba.

Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaishe ka da jiki. Takardarka ta yi kwana huɗu a hanya, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, ban ko ajiye jaka ba.

Baba, bishiyar gidan Kaka an sare ta tun lokacin da aka faɗaɗa titi, ka fi ni sani. Wannan ce kaɗai ta rage daga irinta. Ba ta Baffa ba ce, ba taka ba ce kai kaɗai. Ta Mama ce.

Ka yafe mini, na kira shi. Na ce kada ya taɓa ta, na yi masa bayanin auren kamar yadda ka rubuta, ban dai ce masa da gangan ka yi ba. Dariya ya yi. Ya ce, “Ke yaushe aka haife ki? Yaya ne fa ya faɗa. Duk abin da ke tsakaninmu, Yaya ba zai yi mini ƙarya a kan shuka ba.”

Kai kaɗai zai ji. Ka aika masa ko layi ɗaya ne. Idan ba ka yi ba, ban san da wace fuska zan zo duba ka ba.

'Yarka

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. An gama aiki ranar Talata, yadda ka ce, daga daidai kumburin, na shafa toka da hannuna. Sai da gabana ya faɗi da babban reshen ya zo ƙasa, amma yanzu ka ga bishiyar, tsaf kamar amarya. 'Yarka ta so ta ruɗa ni, na ce ta bar wa manya.

Rassan na tara su a bayan kicin cikin inuwa, ranar Asabar zan sa musu wuta tare da busasshen ganyen kabewa, a samu toka.

Yaya, na ji daɗin da ka amsa mini. Na san akwai zafi a takardar, amma ka amsa. In ta sake yin 'ya'ya, kwandon farko naka ne, kuma ni zan kawo da kaina.

Ƙaninka,
Auta

*

Uwata,

Na ga takardarki tun kafin Talata, ranar da ya sare ta. Ban aika masa ba, kuma ko yau aka sake tambayata abin da zan faɗa ke nan.

Wannan takardar direba na ba don ta iso miki yau. Ki je gidan baffanki ranar Juma'a, kada ki bari sai Asabar, ranar zai ƙona rassan. A cikin tarin da ke bayan kicin ki duba ƙasa, inda rana ba ta taɓa ba. Ki zaɓi rassa biyar masu kaurin fensir, marasa ƙaya, waɗanda in kin kankara da farce za ki ga kore. Ki cire ganyen, ki naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ki zo mini da su a ranar. Ki taho da sabuwar reza da leda. Akwai lemon tsami a bayan gidan da nake haya, a jikinsa za mu yi auren, na yi magana da mai gidan. Hannuna ba zai iya ba, ke za ki yanka, ni in nuna miki. Wataƙila ɗaya ya kama, wataƙila sun riga sun mutu.

In baffanki ya tambaya, ki ce asuwaki nake so.

Mahaifinki