Warƙar da Azara Ta Ɗinke

Dakoro, watan Safar

Zuwa ga Baban Kausar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa, da fatan kana lafiya, karatu yana tafiya, zafin Madina bai ƙarar mini da kai ba. Mu nan lafiya lau. Kausar ta shiga lakwal, makarantar boko, har ta fara gyara mini magana.

Na karanta wa Baba saƙonka. Da na zo inda ka ce ɗakin littattafan Masallacin Annabi yana da sashen rubutun hannu, kuma mai kula da shi ya yarda ya duba waƙoƙin begen da Baba ya rubuta da ajami, sai ya sa na maimaita. Ka san mahaifina, kai da ka yi karatu a gabansa. Tun yana saurayi yake yi wa Madina waƙa, bai taɓa ganin ta ba. Yanzu ido ya tafi, lokotoron asibiti kuma ya ce ƙirjinsa ba zai ɗauki tafiya ba. Ya ce in shi bai je ba, rubutunsa ya je. Elhaji Kimba zai tafi Umra bayan Mauludi, shi zai kawo maka.

To ga matsalar. Na sauko da gafakar da Baba yake ajiye waƙoƙin na buɗe, ko rabi babu. Littafin ba ɗinkakke ba ne, warƙa-warƙa yake, Baba kuma bai iya hana aro ba. Mai son koyo ya ɗauki ɗaya, mai bikin suna ya ɗauki biyu. Har kai, malam, na sami guda a ƙasan akwatinka. Gobe zan fara bin gidaje.

Ka yi mana addu'a a wurin nan mai albarka.

Taka,
Raudatu

Dakoro, watan Mauludi

Baban Kausar,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya kewar tuwon gero? Mu dai alhamdu lillahi, sai gajiya.

Na sha hawan moto. Na je Mai Yara, na je Ajekoriya, na shiga gidajen da ban taɓa sani ba. Wata warƙar ta sha mai, wata a cikin rumbu aka lalubo ta, amma babu wanda ya ce bai gani ba. Duk warƙoƙin suka dawo, ban da ta ƙarshe, wadda Baba ya kwatanta kansa tsaye gaban kabarin Manzon Allah yana sallama.

Tana hannun Azara, tsohuwar nan ta garin Korahan mai kawo mana cuku. Ita ba ta karatu, duk abin da ya fito daga hannun Baba laya ce a wurinta. Ta kai wa baduku ya naɗe ya ɗinke cikin jar fata, ta rataya wa jikarta da zazzaɓi ya so ya ɗauke. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na taho da su biyun gida, har na ɗauko aska, Baba ya hana ni. Ya ce abin da kaka ta rataya wa yarinya da hawaye ba shi zai sa a yanke ba.

Na ce to ya faɗa in rubuta. Ya fara, ya kai tsakiya, ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Wallahi ban taɓa ganin mahaifina ya ji kunya ba sai ranar. Na fita bayan ɗaki na yi kukana.

Ina can na ji muryar Azara. Ashe shekara da shekaru tana jin waƙar a Mauludin ƙofar gidanmu, da ita take tatsar awakinta. Ta ɗauka daga inda ya tsaya, da Hausarta mai gargada, ta kai ta ƙarshe. Na fere alƙalamin kara na zauna. Tana rerawa, Baba yana gyarawa, ina rubutawa. Akwai baitin da ya ce ba haka ya yi shi ba, amma a bar nata.

Rubutuna kamar sawun kaji yake, na sani. In ka yi dariya zan ji a jikina. Ka gaya wa mai kula da littattafan gaskiya, cewa warƙar ƙarshe ba hannun malamin ba ne, na ɗiyarsa ne. Tsorona kada wannan ya sa a ƙi karɓa. Elhaji Kimba ya tafi da littafin jiya.

Mai jiran labarinka,
Raudatu

Dakoro, watan bayan Mauludi

Abin ƙaunata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Ina fata ka huta da zirga-zirgar da muka ɗora maka. Allah ya saka da alheri.

Saƙonka ya iso da hantsi, cewa an karɓi littafin duka, har da tawa warƙar. Na gaya wa Baba. Sai ya nemi ruwan wanka. Ya sa farar rigarsa ta Idi, ya shafa turare, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya ce in dama fura da yawa, in aika maƙwabta su zo, don an sauka Madina lafiya.

Suka ko zo, har zauren ya kasa ɗaukar su. Abokan wasansa suna ta kiran shi Elhaji, suna tambayar tsarabar dabino, shi kuma yana amsa barka da sauka ba ko musu. Na daɗe ban ji dariyarsa irin ta ranar ba.

Sai dai tun da aka watse bai ƙara fita zaure ba. Abinci kaɗan yake taɓawa, ya ce babu abin da ke masa ciwo, kuma babu sauran abin da yake jira. Ni ce nake jin tsoro. In an ba ku hutu kada ka tsaya komai, ka taho tun yana gane muryarka.

Kausar tana gaishe ka. Ni kuma ka san sauran.

Matarka,
Raudatu