Sakamakon Gwajin Ya Fito

Maman Justina,

Na bi motar safe zuwa Katsina, ban so in tashe ki ba. Jiya na ce miki sakamakon gwajin bai fito ba. Ya fito. Likitan Dutsin-Ma ya ce an ga furotin a fitsarina, jinin ma bai yi kyau ba. Wai ciwon sukarin ya fara taɓa ƙoda, zuciya ma ba ta tsira ba. Ya tura ni babban asibiti a sake dubawa. Yana ta bayani, ni bakinsa kawai nake kallo. Har yanzu ban ji komai ba, ko tsoro.

Ki yafe mini ƙaryar. Zan dawo Kurfi da yamma. Ki ɗebe mini miya kafin ki sa gishiri, ya hana ni daga yau.

Obadiya