Ƙarafen Sabis Bakwai a Hanyar Saukar Jirgi

Gwange, Maiduguri.

Zuwa ga Yayana Taufiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida. Yau shekara biyu da wata bakwai rabona da Yawuri. Saƙonka ya iso, cewa ƙafar Inna ta ƙi, idon ma ya fara dushewa. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ka ce in taho kafin damina ta fita, ko na mako biyu ne. Na kasa ba ka amsa a waya don na san tana kusa da kai tana saurare, shi ya sa na rubuto. Ba zan samu zuwa yanzu ba, Yaya. Ga dalili, ka auna da kanka.

Ka san aikina kula da ƙarafen sabis na kamfaninmu. Bakwai daga cikinsu suna kan hanyar da jirage ke bi in za su sauka. Kowane jirgi yana da wata na'ura a ƙarƙashinsa da ke gaya wa matuƙi ƙafa nawa ne tsakaninsa da ƙasa. In sarari garau ne, ido ya wadatar. In hadari ya rufe, ita ce idonsa. To sabon sabis mai sauri da muka ɗora, muryarsa tana kusa da muryar wannan na'ura, kamar ka kunna rediyo biyu a ɗaki ɗaya, sai tsofaffin na'urorin su ruɗe. Maganin ba ɓoyayye ba ne: a sunkuyar da eriyoyin su kalli ƙasa, a rage musu ƙarfi, masu jirage kuma su sa wa na'urarsu matata mai tace hayaniya. Nawa ɓangaren na yi shi bara, na hau na ɗaure kowane noti da hannuna.

A watan Yuli sai ga wata Kyaftin Ketura har ofis, 'yar Biu ce, tana tuƙa jirgi mai saukar ungulu da ke kai magani garuruwan da mota ba ta shiga. Ta ce ta dawo cikin ruwa da mutum tara, biyu a kwance, na'urar ta ce mata ƙafa arba'in, ta yi shiru, ta dawo ta ce ɗari shida. Da leƙe ta taga ta sauka. Ta ce ba faɗa ya kawo ta ba, ta zo ne ta ga fuskar wanda za a ambata ranar da aka tsince su a kan rufin mutane. Washegari na hau ƙarfen da ke kusa da ramin tsaron da aka haƙa kewaye da gari, na tarar an ɗaga eriyoyin suna kallon sama. Maigadin, Baba Abakar, ya rantse bai ga kowa ba. Sai da na zauna na sha shayinsa sannan ya ce Bulaman unguwa ne ya turo mai ɗaura wa mutane dish na talabijin, da rana tsaka, jama'a na ƙasa suna yi masa addu'a.

Na tafi wurin Bulama da zafina. Ya bari na gama, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya ce, a ta bakinsa, Afuno, wato mu Hausawa, akwai boko amma babu tambaya. Ya ce tun da na kwantar da ƙarfen, sabis a bakin rami yake tsayawa, alhali gonakinsu suna bayansa, kuma duk mai zuwa noma da 'yar ƙaramar wayarsa yake zuwa don in an hango baburan mahara a sanar da juna. Ya sa aka kira wata mata, Yakaka. Mijinta Adam ya fita gona a watan Yuni su shida. Ɗayansu ya hango mutanen daji tun daga nesa, ya hau bishiya yana neman sabis, bai samu ba. Biyu suka dawo, ba Adam a ciki. Matar nan ba ta zage ni ba. Ta tambaya ne kawai ko ni ne, aka ce mata ni ne, ta juya. Bulama ya ce a unguwarsa babu wanda ya taɓa hawa jirgi, in faɗa masa mutum nawa suka faɗo daga sama, shi kuma ya lissafa mini waɗanda suka faɗi a gona.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kan ƙarafen nan tsohon sabis, wanda ƙananan wayoyin manoma ke kamawa, da sabon a jikin maɗauri ɗaya suke, in ka sunkuyar da wannan ka sunkuyar da wancan. Na san haka ranar da na ɗaure, ban dai taɓa tambayar wa ke bayan rami ba. Wannan laifina ne, na ɗauka. Gyaran shi ne a raba maɗaurin, ko a kafa wani ƙarfe don manoma. Sau biyar ina rubutawa. Ofis suka ce wa zai yi gadinsa. Masu jirage suka ce matatar tana hanya daga waje, tun bara tana hanya. Duk wanda na je wurinsa sai ya ce ina da gaskiya, ya raka ni har ƙofa.

Yanzu ga zaman da muke yi: in sunkuyar, su ɗaga. Unguwannin maƙwabta ma sun koya. Kullum bayan asuba ina zagayawa a Keke Napep in duba, in buga wa Kyaftin in gaya mata waɗanda aka taɓa, ita kuma ta gaya wa 'yan'uwanta su san ta inda za su ɓullo. Ofis kuma sun matsa in mayar da ƙarfin sabis ɗin yadda yake a da saboda masu saye na ƙorafi. Na ƙi sa hannu. Ranar da na ɗauki hutu, wanda zai riƙe mini zai yi shi daga kan kujera kafin la'asar, ga shi yanzu ne ruwa ya yi ƙarfi. Kada ka ɗauka ina ganin zan yi nasara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma an riga an raɗa mini cewa kwangilata ba za ta wuce Disamba ba. Damina kawai nake so ta fita ba a ɗauki gawar kowa a kan hanyata ba, ta sama ko ta gona. Ta gonar ma ba a hannuna take ba.

Ka gaishe mini da Inna, ka roƙa mini gafararta, ka faɗa mata yadda za ta iya ɗauka. Ka gai da Goggo Hindu da Yaya Zainaba da yaranta. Ka gai da matata Sauda, ta ƙara haƙuri, da 'yata Ammatullahi, in ta san sunana.

Ka tambaye ni me na tsira da shi a duk zaman nan. Cikin ƙarafe bakwai, uku: biyu na sa an yi musu walda a sunkuye, ɗaya yana cikin shinge inda ba mai hawa. Huɗu sun fita hannuna.

Ni ne ƙanenka,
Mikail.