Rubutunka a Kan Fiyano

Baban Nana,

Assalamu alaikum, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san babu mai kai maka wannan takarda, ko direbobin Shinkafi da ba sa ƙin saƙo. Amma zan rubuta, ka dai san bakina bai iya shiru ba.

Wata biyu ke nan da fitata takaba. Nana ta shiga aji uku, haƙoranta biyu na gaba sun faɗi, in ta yi dariya sak kai. Inna mahaifiyarka ta baro Zurmi ta dawo wurinmu nan Kaura saboda halin da hanya take ciki. Zogalen da ka dasa ya wuce katanga, maƙwabta suna ta tsinka, ni kuwa ban hana ba.

Maganar fiyanonka ce ta sa na ɗauki biro. Ka tuna ranar da ka shigo da shi a bayan mashin, naɗe cikin bargo, wai wani sutudiyo ne ya rufe a bayan kasuwar hatsi? Na tambaye ka me mai gyaran wuta a makarantar poli zai yi da kayan mawaƙa, ka ce matarsa zai koya wa. Ka yanka farin salatif gida huɗu, ka manna a inda ƙaramin yatsana na hagu zai riƙa sauka. Daga nan sai in tsallake madanni ɗaya in danna ɗaya, yatsu uku lokaci guda. Ka ƙi ba ni sunayen sautukan na boko, ka rubuta naka a kan salatif ɗin: gida, kasuwa, tasha, Zurmi. Ka ce kowace waƙa daga gida take tashi, ta leƙa kasuwa, ta tsaya tasha tana jira, sannan ta koma gida. Zurmi kuwa ita ce mai sanyin sauti, wadda ke sa mutum kewa ko bai rasa komai ba. Da waɗannan huɗun muka kaɗa waƙoƙin gaɗa da na raino, kai kana bin muryar waƙar da hannun dama, ni ina riƙe maka ƙasa.

To ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Tun sati na biyu na iya. Shekara uku ina kuskure da gangan, ina zamewa daga tasha in faɗa inda babu komai, don kawai ka yi tsaki ka kama yatsuna ka mayar da su. In na nuna na iya, me zai sa ka ci gaba da zama kusa da ni haka bayan la'asar? Ka yi ta kirana ɗaliba mai taurin kai, ni kuwa ina jin daɗin sunan. Ka yafe mini.

Da na fita takaba na yaye masa bargo. In na kaɗa da hantsi, gidan shiru, sai in ga kamar jirgin ƙasan nan da muka daɗe ba mu ji kukansa ba yana shigowa tashar Kaura a hankali, ƙofofinsa a buɗe, kai kana tsaye da jakar kayan aikinka kana dubana. Ba ka sauka, ba ka kuma wucewa. Muddin ina riƙe da sautin tasha kana nan, shi ya sa nake daɗewa a kansa.

Amma gumin yatsa yana cin tawada. Kasuwa ce ta fara gogewa har ta ɓare, sannan salatif ɗin Zurmi ya ɓare, tasha ta bi shi. Tsoro ya kama ni. Takardunka na ofis suna nan, amma duk duniya wannan ne kaɗai rubutun da ka yi domina. In na kaɗa ina share ka, in na bari kuma jirgin ba ya zuwa. Kai da wanne za ka zaɓa? Na mayar da bargon, sati uku ban taɓa shi ba.

Nana ce ta dame ni. Jiya bayan la'asar, ana yayyafi, Inna tana zaure tana jan carbi, Nana ta matsa sai na kaɗa mata waƙar da kake lallashinta da ita. Muna tsakiyar waƙa salatif na ƙarshe, wanda ka rubuta gida a kai, ya biyo yatsana. Na zaci hannuna zai ɓata hanya, sai ya koma gida da kansa bai ko yi tuntuɓe ba. Na yi kuka, amma na ƙarasa waƙar.

Sai Nana ta ce ita ma in koya mata. Na zaunar da ita a wurina, ni na koma naka. Yarinyar nan akwai kai, kafin ruwan ya ɗauke ta gane huɗun duka. Can kuma sai ta fara kuskure. Na kama yatsunta zan gyara, sai na ji wani abu. Hannun da bai sani ba yakan sandare yana lalube. Nata kuwa sai ya nufi daidai wurin, sannan ya zame gefe da gangan, ya tsaya yana jiran nawa. Wanda ke riƙe da hannun ba zai kasa jin wannan ba.

Baban Nana, ashe ka sani? Shekara uku kana tsaki kana gyara mini yatsu, ashe tun ranar da na fara ka sani?

Ban faɗa mata na gane ba. Na yi tsaki irin naka, na mayar mata da yatsun.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sada mu a gidan da ba a rabuwa. Sai na zo.

Ɗalibarka mai taurin kai,
Maman Nana