Magudanar da na sa aka goge

Lahadi, 28 ga Yuli 2024

Ƙanena Mahdi ya dawo daga garejin Tamu bakinsa bai rufuwa. Sun kalli wasannin Olamfik na Pari a tele, wani wasa da ake hawa katako mai taya huɗu, a yi sulu, a tsallake matakala. Wai 'yar shekara goma sha huɗu ce ta ci zinariya. Na duba a wayata, gaskiya ne. Ya ce, “Sa'ata ce fa, Yaya Alkasim.” Ban ji daɗin yadda ya faɗe shi ba.

Alhamis, 1 ga Agusta

Ya haɗa nasa. Ɓallen tsohuwar ƙofa da rulma huɗu na babur, zobban ƙarfen nan masu juyawa, da Tamu ya ba shi su zama taya. Duk Magariya yashi ce, ba inda zai gangara sai kan gudro, hanyar kwalta, inda manyan motocin Najeriya ke wucewa. Inna ta rantse in ta gan shi can sai ta sa katakon a murhu. Na ɗan samu sauƙi. Na ce abin zai mutu don kansa.

Laraba, 7 ga Agusta

Yau ya ja ni na kalla. Ƙarshen gasar maza. Wannan karon ba matakala ba ce, wani rami ne na siminti kamar ƙatuwar ƙwarya, su faɗa ciki su fito sama su juya a iska. Mahdi ya dafa ni ya ce, “Yaya, ai magudanarku ce!”



Magudanar da muke ginawa bayan gari, aikina na farko tun da na karɓi diplom. Zurfi metir biyu, gefuna a kwance. Ni na matsa wa magina su goge simintin sumul don kada shara ta maƙale. Har alfahari na yi da shi.

Asabar, 10 ga Agusta

Na same su ciki bayan la'asar. Mahdi da yaran unguwa, har da 'yan mitsi-mitsi masu jiran a ba su ɗani.

Abin da na sani: ruwan da zai bi ta nan daga kwarin arewa yake zuwa. Ana iya sheƙa ruwa can, nan rana na haske. Ƙarafan da za a kafa a bango don hawa ba su iso ba. Ƙarshen magudanar ya shige ƙarƙashin hanya, bakin ramin da raga. Wanda ruwa ya kai can ba ya fitowa.

Na yi musu bayani dalla-dalla. Wani ya ce, “Injiniya ya fara lacca.” Suka kwashe da dariya. Na gaya wa Shef Bello, mai kula da aikinmu. Ya ce, “Ɗan lakwal, boko ya yi maka yawa. Aiki aka kawo ka ko raino? Ka kore su, su dawo.”

Litinin, 12 ga Agusta

Ko hadari kaɗan na gani sai in ruga in leƙa magudanar.

Talata, 13 ga Agusta

Na ɓoye katakon cikin rumbu. Mahdi bai yi mini magana ba, ko gaisuwar safe. Ya ari na abokinsa. Da ina sanin lokacin da zai fita, don ina jin ƙarar rulma a zaure. Yanzu shiru.

Na kira Goggo Zulai, ƙauyensu na can saman kwarin. Na roƙe ta duk sa'ad da ruwa ya sauko ta yi mini bip, ta kira wayata ta katse. Ta ce, “Kai ɗan nan, tun kana ƙarami inuwarka ma tsoronta kake.” Amma ta yarda.

Alhamis, 15 ga Agusta



Bip ɗin Goggo ya shigo ina awo wajen gada. Na ɗaga kai, sama fes. Sai ta sake, ta sake. Na yar da metir na ruga.

Suna ciki. Na yi ihu su fito, suka nuna mini rana. Mahdi kaɗai bai yi dariya ba. Ya dubi fuskata, ban san me ya gani ba, sai ya fara ɗaga ƙananan yana miƙo mini su ɗaya-ɗaya. Muna cikin haka na ji ƙarar, kamar babbar mota daga nesa. Saura shi. Ya yi gudu ya hau bango ya zame. Ya sake, ya zame. Simintina. Na kwanta rub da ciki na zura masa bel ɗina. Ruwa ya kama ƙafarsa, ja wur, da karare da mataccen akuya. Tamu, da ya biyo ihuna daga gareji, shi ya riƙe ƙafafuna.

Katakon aron ya tafi. Na ji lokacin da ya daki ragar.

A hanya Mahdi ya ce, “Kar ka gaya wa Inna.” Na ce to. Muna shiga ta dubi wandonsa, ta zauna ƙasa.

Lahadi, 18 ga Agusta

Ya sake kallon gasar a wayata, da sauti a kashe. Ba zai bari ba. Ko da damina ta wuce, wata za ta zo.

Asabar, 31 ga Agusta

Ƙarafan sun iso, an kafa. Shef Bello ya ba ni buhunan simintin da suka fashe. Ni da Tamu mun zuba daɓe a kangon bayan gidanmu, da ɗan gangare a gefe guda. Tsayinsa bai kai ƙuguna ba. Na tsayar da bidiyon sau da yawa kafin in fitar da lanƙwasar.

Na ciro katakon daga rumbu na ajiye masa a bakin ƙofa.

Juma'a, 6 ga Satumba

Daɓen ya bushe. Da hantsi ba kowa a gida, na ce bari in gwada santsinsa, tunda ni na zuba, aikina ne in tabbatar. Na hau katakon Mahdi, na faɗi na kuje gwiwar hannu. Na sake hawa don in gane inda kuskuren yake. Karo na uku na kai har bango ban faɗi ba.

Ina juyowa na ga Mahdi kan katanga. Ya ce, “Lanƙwasa gwiwa, Yaya.”

Na lanƙwasa.